Kafin Ku Sayi Fom: Nasiha ga Matasan Watari Masu Son Aikin Asibiti

Ƙannena maza da mata na ƙasar Bagwai da Bichi, ku da kuka tashi kuna jin kukan injin ban-ruwa a bakin Watari, akwai tambayar da ta fara yawo a tsakaninku, musamman ku da kuka gama digiri a fannin kimiyya, kuka yi bautar ƙasa, kuka dawo gida kuna jiran abin da Allah zai yi. Wani ya gani a waya cewa a Amurka mai digiri yakan koma jami'a ya yi shekara biyu da 'yan watanni, ya fito mataimakin likita: ya duba mara lafiya, ya rubuta magani, har ya tsaya kusa da likita a ɗakin tiyata. Sai ya ce a ransa, to ni da na karanta ilmin halittu ko na ƙwayoyin cuta, ina zan je a Kano in yi irin wannan? Tambayar tana kan hanya, kuma gara a amsa muku ita ba kwana-kwana, domin rashin amsa ne ke kai 'ya'yan mutane hannun masu makarantun bogi.

Abin da kuka gani gaskiya ne, amma a can. A shekarar 1965 wani likita mai suna Eugene Stead, a Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, ya lura ƙauyukan ƙasarsu suna fama da ƙarancin likitoci, ga kuma tsofaffin sojojin ruwa da suka ƙware wajen jinya sun bar soja ba inda za su kai ilminsu. Ya ɗauki huɗu ya horar, uku suka kammala a 1967. Daga nan abin ya bunƙasa har ya zama digiri na biyu. Yau mai son shiga sai ya zo da digirin farko, yawancin makarantun kuma su nemi shaidar ya taɓa aiki da marasa lafiya, sannan ya yi karatun kimanin wata 27, ya ci jarrabawar ƙasa, jiharsa ta ba shi lasisi. Kuɗin makarantar dubban daloli ne masu yawa, ko an sayar da gonar gado ba za ta biya ba. Ko da wani ya biya maka ma, takardar ba ta da gurbi a nan, domin hukumar da ke yi wa likitocin Najeriya rajista ba ta da rajistar mataimakin likita irin na Amurka. Saboda haka duk wanda ya kafa allo a bakin titi ya ce zai mayar da kai mataimakin likita cikin wata tara, aljihun mahaifinka yake hange.

Sai dai larurar da ta haifi wannan aiki a Amurka ta fi tsufa a wurinmu, ta kuma fi tsanani. Kakanninmu sun san malamin asibiti na ɗakin shan maganin En'e, mai wanke gyambo, mai zuba ruwan magani a kwalba, tun ba a taɓa ganin likita a ƙauye ba. Kenya ta fara horar da irin waɗannan jami'ai tun 1928. Gana ta fara a 1969 a garin Kintampo, yau kuma nata suna amsa sunan mataimakan likita, da rajistarsu. Mu muka bi tamu hanyar. A daidai shekarun da ake gina madatsar ruwan Watari, tsakanin 1977 da 1980, jihohi suna ta buɗe makarantun koyon aikin lafiya ƙarƙashin shirin da aka tsara a 1975, ƙasashen duniya kuma suka taru a Alma-Ata a 1978 suka amince cewa lafiyar talaka daga unguwarsa take farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora abin a kan ƙananan hukumomi ya ba shi ƙarfi, a 1992 kuma aka kafa CHPRBN, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista. Mutumin da ke zaune a asibitin mazaɓarku yau, a Gadanya ko Romo ko Kiyawa, daga wannan tsari ya fito, shi ne kuma mafi kusa da abin da kuka gani a waya.

Matakan uku ne. Na ƙasa JCHEW, karatun shekara biyu, sai CHEW, difloma ta shekara uku, duka ana yin su a kwalejojin lafiya irin na gwamnatin jiha da ke cikin Kano da Bebeji. Na sama shi ne CHO, jami'in lafiyar al'umma: sai CHEW ya yi aiki ya goge, sannan ya koma asibitin koyarwa ya ƙara shekara biyu, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ƙofar shiga kiredit biyar ce, a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fizis. Tsarin ɗaukar ɗalibai da sunayen takardun sukan sauya, don haka ka je makarantar da ƙafarka ka tambaya, kada ka dogara da mai shagon intanet.

Kai mai digiri, ga inda maganar take da ɗaci. Digirinka ba zai ba ka izinin taɓa mara lafiya ba. Digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a, wanda ake yi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, ilmi ne mai daraja. Da shi ake bin sawun annoba, a tsara rigakafi, a ƙididdige mace-mace. Amma shi ma ba ya halatta maka allura ko rubuta magani. In so kake hannunka ya taɓa mara lafiya, ko dai ka nemi shiga karatun likita daga aji biyu, inda gurabe kaɗan ne masu nema kuma tuli, ko ka bi layin nas, ko ka sauke kai ka zauna aji ɗaya da ƙannenka da suka gama sakandare bara. Na san abin da 'yan majalisa za su ce. Su faɗa. Shekara uku ana maka dariya ta fi shekara talatin kana aikin da ba ka da lasisinsa, kullum gabanka na faɗuwa. Digirin kuma ba ya ɓata. Wanda ya san yadda ƙwayar cuta ke koyon jure magani ba zai riƙa raba maganin kashe ta barkatai ba, shi ne kuma gobe zai iya koyarwa a kwaleji ko ya riƙe sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Ku kuma da kuka nemi karatun likita makin JAMB bai kai ba, roƙona ɗaya ne: kada ku shiga wannan aiki kuna ganinsa ragowar abin da kuka rasa. Wanda ya shiga da wannan zuciyar, ko dai ya yi aikin a wulaƙance, ko ya ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon likita, na biyun kuwa shi ke kashe mutane. Malamanmu sun sa sanin magani cikin farillan da in babu mai yi a gari, kowa ya ɗau alhaki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubutu a kan magani, har da ciwon ido da basir. Garin da ba shi da wanda zai gane yaron da numfashinsa ya sauya, farillar nan tana wuyan mutanensa, kuma ba likitan da ke Kano ne zai sauke musu ita ba.

Bari in gaya muku yadda aikin yake. Watan Satumba ne, gero ya fitar da kai, sauro ya yi kaka-gida, benci ya cika da mata, kowace da goyo. Uwa ta kwance yaro ɗan shekara biyu ta ce, "Malam, jikinsa ne da zafi tun shekaranjiya, ya ƙi cin komai." Mai gaggawa zai ce maleriya ce, ya miƙa magani, ya kira ta gaba. Wanda ya koyi aiki zai ɗaga rigar yaron ya dubi ƙirjinsa ko yana lotsawa, ya ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo. In yaro ya cika shekara kuma ya ja 40 ko fiye, ko yana tsakanin wata biyu da shekara ya ja 50, ciwon huhu ake tuhuma, ko da gwaji ya nuna maleriya, domin cuta biyu sukan haɗu a jiki ɗaya. Zai buɗe tafin hannun yaron da fatar idonsa ya ga ko jini ya yi ƙasa. Zai ɗaura ma'aunin damtse. In ya gaza santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Zai danna bayan ƙafa ya ga ko akwai kumburi. Zai tambayi uwar: yana iya shan ruwa? Yana amayar da duk abin da aka ba shi? Ya yi taune-taune? Duk wannan bai fi minti goma ba, ba ya buƙatar wutar lantarki, amma a nan ake rarrabe yaron da zai koma gida da magani da wanda dole a kai Bichi kafin la'asar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da ake haifa a Najeriya, 132 ba sa cika shekara biyar, namu yankin na Arewa maso Yamma kuwa ya fi haka. Da yawansu zazzaɓi da gudawa da ciwon huhu ne ke ɗauke su, a jikin da yunwa ta riga ta raunana. Ba su rasu don babu na'ura mai tsada ba. Sun rasu don babu wanda ya ɗaga musu riga a kan lokaci.

Ruwan da ya azurta mu ma yana da nasa cututtukan, waɗanda littafin makaranta zai ambata a shafi ɗaya, ku kuwa za ku riƙa ganinsu kullum. Yaro ya yi fitsari, jini ya biyo baya, manya su ce alamar girma ce. Tsargiya ce, tsutsa mai rayuwa cikin katantanwar ruwan da ba ya gudu sosai, tana shiga ta fata wajen wanka ko kamun kifi ko dashen shinkafa. Ƙwayar firazikwantel tana kashe ta, amma in aka bar ta shekaru takan lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda. Ga kuma manomin rani da ya wuni yana feshi ba takunkumi ba safar hannu, aka kawo shi yana dalalar miyau, gumi na zuba, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance. 'Yan'uwansa za su ce a ɗura masa madara ko manja. Kai za ka hana, ka tuɓe masa kayan, a wanke masa jiki da sabulu, ka kula da numfashinsa, a yi babban asibiti da shi nan take. Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɓata lokaci yana neman wata cutar.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Akwai littafin da kowane ma'aikacin lafiyar al'umma yake aiki da shi, ma'aikata suna ce masa Standin Oda. A ciki an jera alamomi, an faɗi abin da za ka tambaya, abin da za ka duba, abin da za ka bayar, da inda za ka tsaya ka tura gaba. Shi ne izininka a gaban doka, shi ne kuma garkuwarka ran da abu ya ɓaci. Za ka tarar da waɗanda suka jefa nasu a durowa, wai sun haddace. Kai ka ajiye naka a kan tebur, ka buɗe shi a gaban mara lafiya, ba abin kunya ba ne.

Jarrabawar da ta fi ta makaranta wuya tana zuwa ne ran da aka fara ce maka likita. Tsoho sa'an kakanka zai gaishe ka da sunan, yara su bi ka da shi a hanya. Ba laifinsu ba ne, kai kaɗai suke gani. Amma sannu a hankali sai bakinka ya yi nauyi wajen cewa, "Baba, wannan ya fi ƙarfina." Dangin mara lafiya kuma za su ƙara ingiza ka: "Haba likita, ka dai yi masa ƙarin ruwa, wallahi ba mu da kuɗin Kano." Ka rataya leda ɗaya, ka ƙara ta biyu, alhali hanji ne taifot ya huda, ba abin da zai cece shi bayan ikon Allah sai tiyata. Kwana biyun da ka riƙe shi, kai ka cinye masa su. Ingila duk da arzikinta ta sha wannan rigima. Marasa lafiya sun riƙa fita daga asibiti suna zaton likita ne ya duba su alhali mataimaki ne, har aka yi asarar rai, gwamnati ta sa aka yi bincike, rahoton da ya fito a 2025 ya nemi a fayyace sunansu da iyakar aikinsu. In haka ta faru inda likita yake ɗaki na gaba, ina ga inda sai an nemo mota kafin a gan shi? Ka saba wa bakinka tun ranar farko da faɗin matsayinka. Mutane ba za su raina ka ba. Ran da yaron da ka tura ya dawo da ƙafarsa, za su gane abin da ka yi musu.

Turawar kanta ilmi ce, ba wai ka ce "ku tafi Bichi" ka juya baya ba. Yaron da maleriya ta yi wa tsanani ana ba shi atesunet na farko kafin a hau hanya. Mai cikin da ke jijjiga ana yi mata allurar farko, mai zubar jini bayan haihuwa a ba ta maganin tsuke mahaifa, a murza mata ciki, a sa mata ruwa. Ka rubuta abin da ka gani, da abin da ka bayar, da ƙarfe nawa ka bayar. Ka kira can ka ce ga su nan tafe. Ka ce wa miji ya tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu iya ba da jini, kada a isa sannan a fara neman su a waya. Lambobin direbobin tasha da masu a-daidaita-sahu su kasance a wayarka tun kafin ka buƙace su, ka kuma zauna da dagaci da kwamitin mazaɓa a san inda kuɗin mai zai fito tsakar dare. Kun fi kowa sanin bambancin tumatirin da aka kai Badume da sanyin safiya da wanda ya kwana a kwando. Wanda za a tura ma sa'a guda tana sauya masa komai. Hanya kuwa a ƙasar nan ba abin wasa ba ce. Ba wanda ya manta ranar 30 ga Nuwamba 2021, da kwale-kwale ya kife da mutanen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa aƙalla rai 29, Allah ya jiƙansu. Duk mai aiki a hayin ruwa dole ya yanke shawarar turawa tun da sauran rana.

Ƙannena mata, wannan ɓangaren naku ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce mata kimanin 82,000 suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a shekarar, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti, a yankinmu kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Kuma nan Kano aka nuna wa duniya cewa abin yana da magani. Da aka shigar da allurar maganiziyam a asibitoci goma na jihar a 2008, aka koya wa ma'aikata yadda ake ba da ita, mace-macen masu jijjiga da hawan jinin ciki ya sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a ƙasashen Afirka huɗu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. A binciken, wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a auna jinin da ya zuba maimakon kintace, a kuma haɗa magungunan lokaci guda. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin 100. Tun 2014 tsarin gwamnatin tarayya ya yarda CHEW da aka horar ta karɓi haihuwar da ba ta da tangarɗa, ta ba da taimakon farko, ta yi aikin tazarar haihuwa. Ilmin yana nan, izinin yana nan. Abin da babu shi ne macen da za ta kwana a garin. Kun san akwai matan da za su gwammace su haihu a ɗaka da namiji ya duba su, akwai kuma mazan da ba za su bari ba ko da ta yarda. Gardama da su a kan haka ba ta taɓa ceto kowa ba. Malamar asibiti 'yar gari ita ke warware ta. In aure ya zo kina tsakiyar karatu, a yi maganar makaranta a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, kada a bar ta sai an tare. Iyaye kuma da wannan takarda za ta kai gare su, don Allah ku dubi 'ya'yanku da ke ɗakin miji: wadda za ku bari ta yi karatun nan, wata rana ita za ta tsaya a kan 'yar'uwarta.

Akwai abin da ba a cika koyarwa a aji ba, alhali a ƙasa irin tamu, inda wannan ƙauye ke jin kiran sallar wancan, kowa kuma surukin wani ne, shi ne rabin aikin: riƙe baki. Ran da ka fara aiki a mahaifarka za ka san abin da liman bai sani ba. Za ka san wane ne ke shan maganin tarin fuka, wace ce ke tazarar haihuwa, wane magidanci ne ya zo da ciwon sanyi. Da yamma ka zauna a majalisa da 'yan'uwansu, da dare uwargida ta tambaye ka me ya kawo wance asibiti. Kalma ɗaya ta fita, ko da a sigar tausayi, shi ke nan. Asibitin gaba ɗaya za a ƙaurace wa, mai tarin ya koma gida ya ci gaba da tari a cikin 'ya'yansa. In ka san bakinka ba ya riƙe magana, ƙanena, nemi wata sana'ar, halal tana da yawa.

Yarda a ƙasar Kano tana da tarihi, ku kuma za ku gaje shi ko kuna so ko ba kwa so. Iyayen da suka rufe ƙofa ga rigakafin shan inna a 2003 ba mahaukata ba ne. Sun tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin sanƙarau na 1996. Amma rufe ƙofar ta sa cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara suka nakasa. Sarakuna da malamai da masu unguwa da matan da ke bi gida-gida su suka dawo da mutane, har aka kai 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarsa, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba, alhali allurar kyauta ce tun da daɗewa. Saboda haka kada ka raina ungozoma da wanzami da maɗori. Ungozoma ake fara kira. In ka mutunta ta, ita za ta turo maka mai doguwar naƙuda da wuri. In ka ci mata fuska a gaban mutane, za ta riƙe ta har gari ya waye. Wannan ba ya nufin ka yi shiru a kan yankan gishiri, ko cire beli da aska ɗaya ga jarirai da yawa, ko shafa wa cibiya abin da bai kamata ba. Ka faɗa, amma a keɓe, bayan gaisuwa, ka kuma kawo abin da za a yi a maimakonsa.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Da yawa sukan gama su yi shekaru suna aikin sa-kai kafin a ɗauke su, albashin kuma ba ya kai nauyin aikin. Za ka iya samun asibiti ba ruwa ba wuta, ku biyu kuna riƙe da dare da rana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin matakin farko, an kuma fara ganin tasirinsa a wasu asibitocin mazaɓu, amma da sauran tafiya. A nan ne shawarar shago ke zuwa: buɗe kemis, sa gado a bayan labule, a yi ta allura da ƙarin ruwa. Mutanenmu sun fi yarda da allura da leda a kan ƙwaya, riba kuma a nan take. Neman na kai ba laifi ba ne. Ga noman rani a ƙofar gida, ka noma albasarka, ka yi kiwo. Amma ran da ka rataya wa mutum ledar da ba ya buƙata saboda abin da zai biya, ka ci kuɗinsa da zalunci, ka kuma koya wa gari cewa magani ba ya aiki sai an huda jijiya.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kanku, ku 'yan ƙasa, ga shi. Mozambik ta fara horar da mataimakan likita aikin tiyata a 1984, saboda likitocinta ba su da yawa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya gano su ke yin kashi 92 cikin 100 na manyan tiyatar haihuwa a asibitocin gundumomi, kuma bayan shekara bakwai da kammala karatu kusan tara cikin goma suna nan a karkara, likitocin da aka tura kuwa kusan duk sun bar wurin. Ba cewa nake ku yi tiyata ba, dokarmu ba ta ba ku ba. Abin lura shi ne wa ke zama. Likitocinmu suna tafiya Saudiyya da Ingila, ba kuma zan zarge su ba. Amma wanda gonarsa da iyayensa suke Rimin Dako ko Gogori, shi ake sa ran zai kwana a nan ran da aka buga ƙofa.

Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar CHPRBN ta amince wa makarantar da ainihin kwas ɗin da kake nema, ba sunan makarantar kawai ba. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun lafiya masu zaman kansu fiye da 20 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba. Ka tuna akwai 'ya'yan mutane a cikinsu da aka sayar da awaki aka biya musu. Ka tambayi 'yan aji uku ko an yi musu rajistar hukumar tun suna aji ɗaya an ba su lamba, domin wanda ba shi da ita ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba, ko da ya fi kowa ƙoƙari. Ka tambayi ɗalibai nawa aka yarje musu su ɗauka, nawa suka ɗauka, wane asibiti kuma suke kai su koyon aiki. Sannan ka je wurin shugaban asibitin mazaɓarku, ka gaishe shi, ka roƙi ya bar ka ka yi daminar bana a wurinsu. Ka yi shara, ka ɗebo ruwa, ka jera katunan awo, ka riƙe wa uwa goyo. Kada ka taɓa sirinji ko da an miƙo maka. Ka ga jini, ka ji warin gudawa, ka tsaya ran da aka fita da yaro a naɗe cikin zane. In bayan kaka har yanzu kana son komawa, sai ka nemi kuɗin fom.